Darasi na Bakwai: Gumin da ke Taruwa a Cikin Fitilar Mota

Fitilar gaban mota ta zamani akwati ce ta roba wadda aka rufe fuskarta da murfi mai garai-garai, a cikinta kuma akwai ƙwan fitila, da kwano mai ƙyalli wanda ke tattara haske ya tura shi gaba, da wayoyin da ke kawo wuta. Masu mota da yawa sukan wayi gari, musamman da damina, su tarar fuskar fitilar ta yi fari-fari daga ciki, ta yadda ko an sa tsumma an goge ta waje ba ya fita, kuma abin da akan fara zato shi ne fitilar ta tsage ruwan sama ya shiga. Wani lokaci zaton yakan zama daidai, amma sau da yawa ba haka abin yake ba, domin ruwan da ake gani iska ce ta shigo da shi a matsayin tururi, ba ta wata tsaga ya kwararo ba. Kanikawa sukan ce fitila tana gumi idan farin bai wuce dishi-dishi ba, su ce ta sha ruwa idan ya kwanta a ƙasanta, kuma wanda bai iya bambance waɗannan halaye biyu ba yakan kashe kuɗi wajen gyaran abin da bai lalace ba, ko kuma ya lalata lafiyayyar fitila da hannunsa yana ganin gyara yake yi.

Ruwan da ke ɓoye a cikin iska

Babu iskar da ta rabu da ruwa ɗungurungum. A kowane lokaci akwai tururin da ido ba ya gani gauraye da ita, wanda ya tashi daga koguna da jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen itatuwa, kuma yawan tururin da iska za ta iya riƙewa ya dogara ne ga zafinta. Idan aka ɗauki iskar da za ta cika wurin da ke da mita ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a tsayi, wato lita 1,000, to a zafin digiri 30 na ma'aunin Salshiyas iyakar abin da za ta riƙe shi ne kimanin giram 30 na ruwa, a digiri 20 kimanin giram 17, a digiri 10 kuwa giram 9 da ɗoriya. Abin da masu hasashen yanayi ke kira laimar iska, suna faɗinsa kashi kaza cikin ɗari, shi ne gwargwadon tururin da ke cikin iskar idan aka kwatanta shi da wannan iyaka. Iskar da ke digiri 30 mai laima kashi 80 cikin ɗari tana ɗauke da giram 24 ke nan.

Idan irin wannan iska ta fara hucewa, ruwan da ke cikinta ba ya raguwa, iyakar abin da za ta iya riƙewa ce ke raguwa, har a kai wani mataki da giram 24 ɗin zai zama shi ne iyakar kanta. Wannan shi ake kira matakin raɓa, kuma a wannan misali yana wajen digiri 26. Daga nan duk sanyin da ya ƙaru, rarar tururin za ta koma ruwa ta manne a jikin abu mafi sanyi da ke kusa. Wannan ne ke faruwa da kwalbar lemo da aka fito da ita daga firji aka ajiye a kan tebur: jikinta yakan jiƙe sharkaf alhali murfinta a rufe yake, domin iskar ɗakin ce ta taɓa sanyin kwalbar ta sauke ruwanta. Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar tazarar da ake bukata, domin da damina sanyin digiri huɗu kacal ya isa ya sa ruwa ya fito.

Dalilin da ya sa ba a toshe fitila ruf

Mai karatu zai iya tambaya me ya hana masu ƙera motoci su liƙe fitilar ta yadda iska ba za ta shiga ba sam. An taɓa yin haka. Daga 1940 doka a Amurka ta wajabta wata irin fitila ta gilashi wadda aka haɗe fuskarta da kwanonta da zaren wutarta wuri ɗaya aka rufe, ba ta shan iska, ba ta kuma yin gumi, sai dai idan zaren ya ƙone dole a jefar da ita gaba ɗaya, kuma siffofinta kaɗan ne, da'ira ko mai kusurwa huɗu. A 1983 aka sassauta dokar aka yarda da fitilar da ake canja mata ƙwai kaɗai, kuma motar Lincoln Mark VII ta 1984 ce ta fara fitowa da ita a can. A Turai dama an daɗe ana amfani da fitila mai ƙwan canji, irin wadda aka sani a jikin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, mai fuskar gilashi da kwanon ƙarfe. Daga baya gilashi ya ba da wuri ga wata roba mai ƙarfi da ake kira folikabonet, wadda ta fi shi rashin nauyi, ba ta saurin fashewa, kuma ana iya lanƙwasa ta yadda ake so, shi ya sa fitilun yau suka yi girma suka kuma ƙunshi iska mai yawa.

Wannan iska ita ce matsalar. Duk iskar da ta yi zafi takan nemi faɗaɗa, idan kuwa an kulle ta sai matsinta ya ƙaru, kuma iskar da ta tashi daga digiri 20 zuwa digiri 80 a cikin rufaffen wuri matsinta yana ƙaruwa da kusan kashi 20 cikin ɗari. Akwatin roba mai faɗin fuska ba zai jure wannan kumbura da motsewa kullum safe da yamma ba, gam ɗin da ya haɗa fuska da jiki ne zai fara saki, sannan duk lokacin da fitilar ta huce sai ta zuƙo ruwan da ke kwance a bakin sakin zuwa ciki. Saboda haka da gangan ake barin 'yan ƙananan kafofi a bayan fitila domin ta riƙa shaƙar iska tana fitarwa. A wasu motocin kafar ɗan bututun roba ne da aka lanƙwasa bakinsa ya dubi ƙasa, a wasu ɗan murfi ne mai soso a ciki, a wasu kuma wani siririn ƙyalle ne fari da aka manna, wanda aka yi daga sinadarin Teflon da aka ja ya buɗe, dabarar da Robert Gore ya gano a 1969. Ramukan wannan ƙyalle sun fi ɗigon ruwa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma sun fi ƙwayar tururi girma, don haka yana tare ruwa da ƙura, ba ya tare laima. Ma'anar wannan ita ce, duk laimar da ke cikin iskar gari tana da halattacciyar hanyar shiga fitila, kuma ta wannan hanyar ce take fita.

Akwai wata taskar laima da ba a cika lura da ita ba, wato robar kanta. Jikin fitila da fuskarta da rigar wayoyinta duk suna tsotsar laima kaɗan-kaɗan a ranakun da iska ke da danshi, sannan idan injin ya ɗumama bayan fitilar ko rana ta buge ta, sai su sake ta cikin iskar ciki. Wannan ne ya sa wani lokaci gumin kan bayyana da hantsi bayan rana ta fito, ba da asuba ba, abin da kan rikita mai mota.

Inda gumin ke fitowa da lokacin fitowarsa

Bayan fitila yana maƙwabtaka da injin, fuskarta kuwa ita ke karɓar iska da ruwan sama, don haka fuskar ce wuri mafi sanyi a duk akwatin, kuma a kanta ruwan ke sauka. Ba ko'ina yake sauka daidai ba. Tsakiya, inda hasken ƙwai ke ratsawa, takan kasance da ɗumi, shi ya sa gumin ke fara taruwa a kusurwoyi, da gefen da ya zagaya wajen sigina, da leɓen ƙasa, inda iskar ciki ba ta motsi sosai. Lokutan da aka fi ganinsa su ne idan an yi doguwar tafiya cikin zafi sai hadari ya sauko da ruwa mai sanyi a kan mota, ko an kai ta wurin wanki injin na da zafi aka feshe ta da ruwa, ko ta kwana a fili bayan an sha ruwa da yamma sama kuma ta washe cikin dare.

Lissafi kaɗan zai nuna yawan ruwan da ake magana a kai. A ƙaddara fitila ce mai cin iska lita 10, ta cika da iskar damina ta digiri 30 mai laima kashi 80. Duk ruwan da ke cikinta bai kai rubu'in giram ɗaya ba. Idan ta huce zuwa digiri 20, abin da zai sauka a jikin fuskar bai wuce kashi bakwai cikin ɗari na giram ba, wato ɗigo ɗaya zuwa biyu. Wannan ɗan ruwan ya isa ya lulluɓe fuskar fitila, domin ba ya sauka a dunƙule, yana rarrabuwa ne zuwa dubban ɗigo ƙanana waɗanda kowannensu ke watsa haske. Amma lissafin yana da wani amfani da ya fi wannan: cikin ƙaramin cokalin shayi na ruwa giram 5 ne, wato ya ninka duk ruwan da ke cikin iskar fitilar sau ashirin. Saboda haka ruwan da ya kwanta a ƙasan fitila har yana motsi idan mota ta girgiza ba aikin iskar dare ɗaya ba ne, akwai inda yake shigowa.

Yanayin ƙasar Hausa ma yana taimaka wa mai bincike. A watan Agusta iskar Kano ko Kaduna ko Maraɗi cike take da laima, don haka gumi a wannan lokaci ba abin mamaki ba ne. Da hunturu kuwa, ko da yake safiya takan yi sanyi ƙwarai, iskar da ke kaɗowa daga hamada busasshiya ce. Iskar digiri 30 mai laima kashi 15 matakin raɓarta yana kusa da digiri sifiri, wanda sanyin asuba ba ya kaiwa. Fitilar da ke gumi a tsakiyar hunturu alhali ba a wanke motar ba tana shaida cewa akwai ruwa a tsare a cikinta, ko kuma kafofinta sun toshe da ƙura har laimar damina ta kasa fita.

Irin ƙwan fitila yana da nasa tasiri. Ƙwan halojin, kamar H4 da ya fito a 1971 mai cin wat 60 a ful da 55 a dim, mafi yawan wutar da yake ci zafi take zama, kuma wani kaso mai yawa na zafin yana tafiya gaba tare da hasken ya ɗumama fuskar fitila, don haka tafiyar 'yan mintuna da fitila a kunne takan busar da gumin. Ƙwan zenon, wanda BMW ta fara sawa a motocinta a 1991, wat 35 yake ci, zafinsa bai kai na halojin ba. Fitilar LED kuwa, wadda ta fara cika gaban mota ɗungurungum a Audi R8 a 2008, haskenta kusan ba ya ɗauke da zafi, zafin da take yi ta baya ake janye shi da wani ƙarfe mai haƙora. Sakamakon haka fuskarta takan zauna da sanyi ko tana kunne, kuma gumin yakan daɗe bai tafi ba. Masu ƙera irin waɗannan fitilu sukan shafa wani sinadari a cikin fuskar wanda ke sa ruwa ya shimfiɗu maimakon ya yi ɗigo-ɗigo, wasu kuma su sa ƙaramar fanka ko ƙunshin sinadarin shan laima. Mai sabuwar mota da ya ga gumi a kusurwar fitilarsa bai kamata ya ɗauka an sayar masa da jabu ba.

Gumi ko shan ruwa

Gumin da ba shi da illa siriri ne, ɗigonsa ba ya rarrabuwa ga ido, ba ya gangarowa, yana tsayawa a gefe, yakan bayyana a fitilun biyu kusan daidai, kuma yana tafiya da kansa idan gari ya bushe ko an yi tafiya da fitila a kunne. Shan ruwa kuwa alamunsa manyan ɗigo ne masu gangarowa suna barin sawu, da ruwa kwance a ƙasa, da farin da ya rufe tsakiyar fuska ya kwana biyu bai tafi ba, musamman idan fitila ɗaya ce ke yi 'yar'uwarta kuwa garau take. Akwai hali na uku da ake yawan rikita shi da waɗannan, wato fuskar da ta yi rawaya-rawaya ta dushe saboda rana ta cinye rigar kariyar da ke wajenta. Wannan idan an shafa da yatsa za a ji kaushi daga waje, kuma maganinsa gogewa da sake shafa kariya, ba shi da alaƙa da ruwa.

Hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga ba su da yawa. Mafi sauƙi, kuma wanda aka fi samu, shi ne murfin robar da ke bayan ƙwai, wanda akan manta ba a mayar ba bayan canja ƙwai, ko a mayar da shi a karkace, ko ya tsufa ya tsattsage. A 'yan shekarun nan an ƙara samun wani dalili, domin ƙwan LED na kasuwa da ake sawa a gurbin halojin yana da ƙaton gindi mai fanka wanda murfin ba ya rufuwa a kansa, sai mai aikin waya ya yanke murfin ko ya jefar da shi, ya bar fitilar a buɗe tana kallon injin. Sai kuma gam ɗin da ya haɗa fuska da jiki, wanda kan saki bayan ɗan karo ko bayan an buɗe fitila an mayar ba da kyau ba, da 'yar tsaga a gindin kunnen da ake ɗaure fitila da shi, wadda ba a gani sai an kwance ta. Fitilar baya tata matsalar takan zo ne daga soson da ke tsakaninta da jikin mota, wanda idan ya lotse ruwan da ke gangarowa daga bakin but yake bi ta nan. Ƙananan fitilun da ke cikin bamba kuwa nutsewa suke yi duk lokacin da aka kutsa cikin ruwan da ya kwanta a titi.

Ruwan da ya zauna ba ƙaramar ɓarna yake yi ba. Ƙyallin kwanon ciki wani shafe ne na alminiyam wanda bai kai kaurin gashi ba, ruwa yana cin sa ya bar tabo baƙi ko toka-toka, kuma idan ya ci babu gogewar da za ta dawo da shi. Bakin soket yakan yi tsatsa, fiyus ya riƙa ƙonewa, ɗigo ɗaya da ya faɗa kan ƙwan halojin mai zafi zai iya fasa shi, akwatin wutar zenon ko na LED kuwa, wanda a motoci da yawa a ƙasan fitila aka ɗaure shi inda ruwa ke taruwa, shi ne mafi tsada a cikin abin da ke lalacewa. Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne haske kansa. An tsara dim ne ya yanke a wani layi domin ya haska titi ba tare da ya shiga idon mai tahowa ba, amma ɗigon ruwa yana watsa shi sama da gefe, sai direba ya rasa nisan gani, wanda ke tahowa kuma idonsa ya rufe, a kan hanyoyin da masu babur da masu tafiya a ƙasa da dabbobi ke bi cikin dare.

Gyara

Siririn gumi ba ya bukatar gyara, abin da yake bukata shi ne a tabbatar kafofin iska a buɗe suke, a zare bututun a kakkaɓe ƙura da laka ko gidan zanzaro da ya toshe shi, a mayar da bakinsa yana duban ƙasa. Fitilar da ta sha ruwa kuwa sai an yi mata abubuwa biyu bi da bi, a busar da ita sannan a toshe inda ruwan ke shiga, kuma wanda ya yi na biyu kafin na farko ya kulle ruwan ne a ciki. Busarwa ita ce a kwance fitilar, a zare ƙwai, a tsiyaye ruwan, a ajiye ta wuri mai ɗumi da iska kafofinta a buɗe, ko a hura mata iska mai ɗumi ba mai ƙuna ba, domin folikabonet yana fara laushi a wajen digiri 145, shafen da ke cikinsa kuma yana lalacewa tun kafin nan. Ba a cusa tsumma ko yatsa a goge kwanon ciki, ba a kuma kama gilashin ƙwan halojin da hannu, saboda maiƙon fata yana sa wurin ya ƙone. Idan fitilar ta zenon ce, wajibi ne a cire kan batir tukuna, domin wutar da ke tayar da ƙwan tana haura bolt 20,000.

Neman tsaga ba ya bukatar na'ura mai tsada. Bakanike yakan toshe kafofin na ɗan lokaci, ya shafa ruwan sabulu a kan haɗin fuska da jiki, ya hura iska a hankali ta gurbin ƙwai, sai kumfa ta tashi a daidai inda ya saki. Abin da ya dace da wannan haɗi shi ne baƙin gam mai taushi da ake kira butil, wanda ba ya bushewa ya yi tauri, yana bin robar idan ta kumbura ko ta motse. Gam mai kamawa nan take bai dace ba, domin hucinsa yana barin farin tabo a cikin fuska, haka ma silikon mai warin tsami yana cin bakin wayoyi, fetur da tina kuwa suna sa folikabonet ya tsattsage. 'Yan ƙunshin silika da ake samu a kwalin takalmi, waɗanda wasu ke jefawa a ciki, suna shan laima na ɗan lokaci, amma da sun ƙoshi amfaninsu ya ƙare, kuma haɗari ne idan suka taɓa ƙwai mai zafi.

Kurakurai biyu sun zama ruwan dare a gareji, kuma duka biyun daga rashin sanin aikin kafofin nan suke. Na farko shi ne a bi bayan fitila da gam a toshe duk ramin da aka gani, har da na iska; irin wannan fitila takan yi kyau kwana kaɗan, sannan gumin ya dawo ya zauna dindindin, domin laimar da robar ke saki ba ta da mafita. Na biyu shi ne a huda ƙasan fitila da ƙusa mai zafi domin ruwa ya tsiyaye, wanda ke zubar da ruwan yau amma ya bar asalin tsagar yadda take, ya kuma buɗe wa ƙurar hunturu ƙofa ta shiga ta kwanta a kan kwano, inda babu mai iya share ta. Mai sayen fitilar gwanjo a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko mai duba motar da aka shigo da ita daga waje, ya kamata ya ɗaga fitilar ya duba leɓen ƙasa ta ciki, domin layin farin gishiri ko na laka a wurin yana nuna ruwa ya taɓa kwanciya, sannan ya duba ko murfin baya da bututun iska suna nan.

Aikin darasi

Ana son ɗalibi ya nemi mota ɗaya, da izinin mai ita, ya buɗe bonet injin na a kashe kuma a huce, ya gano murfin bayan ƙwai da kafofin iska, ya rubuta siffar kowanne da inda bakinsa ya dosa. Bayan haka ya yi amfani da alƙaluman da aka bayar a sama ya lissafa ruwan da zai sauka a cikin fitila mai cin iska lita 8, idan ta cika da iskar digiri 20 wadda laimarta ta kai iyaka, sannan ta huce zuwa digiri 10.